Ranar da Na Ɗora Muryata a Kan Fitilar Baba

Akwai wasu mintuna shida a rayuwata da na san ko tsufa ya cinye mini tunani ba zan manta da su ba. Mintuna shida ne na wani shirin rediyo da na haɗa da hannuna, na kuma karanta da bakina, shekaru da dama da suka wuce. Na yi ɗaruruwan shirye-shirye kafinsa da bayansa, yawancinsu ko a kan me aka yi su ba na tunawa, amma wannan har gobe zan iya karanto shi da ka.

A lokacin ina aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, ina haya ni kaɗai a Hyattsville, kullum jirgin ƙasa ya kai ni ya dawo da ni. Sai mahaifina ya zo wurina neman magani. Ciwon daji ne a mafitsara, likitoci suka ce za a yi masa gashi da na'ura na wasu makonni, kuma akwai kyakkyawan fata idan ya kammala. Baba mai bishara ne da ya yi ritaya. Mu Hausawa ne Kiristoci daga wani ƙauye a kudancin Katsina, kuma shekara kusan arba'in ya yi yana bin ƙauyuka a kan keke yana wa'azi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina zanin goyo bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Da ya sauka daga jirgi, kayansa ba su wuce jaka ɗaya ba, amma a aljihun babbar rigarsa akwai wani tsohon gwangwanin alawa da na sani tun ina budurwa. A ciki, naɗe cikin farin hankici, akwai wata 'yar fitilar yumɓu da ba ta cika tafin hannu ba, mai rufaffen kai da ɗan baki inda lagwani yake fita, ga baƙin hayaƙi a gefe. Ya samo ta ne wajen shekara ashirin kafin nan, lokacin da ya samu kujerar ziyara zuwa Urushalima. Da aka kai su Yariko, wani mai shago ya ja shi gefe, ya ce masa a ƙarƙashin rusasshiyar ganuwar garin aka tono ta. Ga wanda bai san labarin ba, Littafi Mai Tsarki ya ce Joshuwa da Isra'ilawa sun yi kwana bakwai suna zagaya Yariko, suka busa ƙaho, ganuwar ta zube. Baba ya yarda cewa fitilar nan tana ci a wani ɗaki ranar da hakan ta faru.

Babu majami'ar da ke yankinmu da ba ta ga fitilar nan ba. Idan wa'azi ya yi wa'azi sai ya buɗe gwangwanin a hankali, ya ɗaga ta sama, ya ce, “Ku da kuke cewa tatsuniya ce, ga shaida ƙasa ta fito da ita.” Tsofaffin mata su taso su taɓa, su shafa a fuska. Akwai mutanen da suka karɓi baftisma a makon da suka gan ta. Ni kuwa, da na yi boko na zama 'yar jarida, na kan yi murmushi ne kawai, irin murmushin wanda yake ganin ya fi kowa wayo. Wannan hali nawa ne, ba zan ɓoye ba. Ina son a ce na san abin da wasu ba su sani ba.

Muna da wani shiri na mako-mako a kan ilimi da tarihi. Editanmu, wani dattijo Musulmi ɗan Nijar mai haƙuri da barkwanci, ya ce in yi wani abu a kan masu tonon kufai, wato masanan da ke haƙa tsofaffin garuruwa suna nazarin abin da magabata suka bari. Tambayar ita ce, shin abin da suke tonowa yana gaskata labaran da ke cikin littattafan Yahudawa da Kiristoci? Ya ce ni na fi dacewa, tunda 'yar gida ce. Nan take Baba ya faɗo mini a rai. Na ce a zuciyata, ga murya a ɗakina kyauta, me zai kai ni neman wani?

Ran Asabar da safe na ajiye masa rikoda a kan teburin cin abinci. Sai da ya tashi ya sa babbar riga da hula, kamar masu sauraro za su gan shi. Ya yi magana ta kusan rabin awa, muryarsa ta dawo irin ta da, har na manta cewa marar lafiya ne. Ya ba da labarin Yariko, da mai shagon, da fitilar. Da muka gama na ce ya ara mini ita in kai ofis a ɗauki hotonta. Ya miƙo mini gwangwanin da hannu biyu, ya ce, “Uwata, ki riƙe ta kamar jariri.” Ban yi masa ƙarya gaba ɗaya ba, an ɗauki hoton. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, ranar Litinin ina da alƙawari da wata farfesa a wata jami'a, kuma na riga na ƙudura zan nuna mata.

Farfesar wata tsohuwar Baturiya ce, fatarta duk ta ƙone saboda shekarun da ta yi tana haƙa a rana. Ban taɓa hira da mai taka-tsantsan da magana kamarta ba. Ta ce ƙasa ba amsa ɗaya take bayarwa ba. Akwai inda ta gaskata littafin ƙarara: an samu dutse mai rubutu da ya ambaci gidan Sarki Dauda, ga hanyar ruwan da aka fafe cikin dutse a Urushalima wadda yawancin masana ke dangantawa da Sarki Hezekiya, har yau mutane na bi ta ciki, ga kuma wani dutse mai ɗauke da sunan Bilatus, wani gwamna da littafin ya ambata. Akwai inda ƙasa ta yi shiru, kamar tafiyar Isra'ilawa cikin hamada, wadda ba a ga sawunta ba. Akwai kuma inda ake jayayya, kuma Yariko na ciki. Ganuwar da ta rushe akwai ta, amma masana da yawa na ganin ta rushe tun kafin zamanin da ake sa ran Joshuwa ya zo, wasu kuma ba su yarda da wannan lissafin ba.

Sai na buɗe gwangwanin. Ta sa tabarau, ta jujjuya fitilar, ta kankare gindinta da farce, ta sunsuna. Ko minti biyu ba ta yi ba. Ta ce fitilun wancan zamanin buɗaɗɗu ne kamar ɗan kasko da aka matse bakinsa, irin wannan mai rufaffen kai ta zo ne can baya da nisa. Kuma wannan ɗin ma ba tsohuwa ba ce, kwaikwayo ne da ake yi don masu ziyara, a shafa mata ƙasa, a ƙona bakin da kyandir. Ta tambaye ni ta wace ce. Da na ce ta mahaifina ce, kuma da ita yake wa'azi, sai ta cire tabarau ta dube ni sosai. Rikoda na ci gaba da ɗauka ta ce, jabun fitila shaida ce a kan mai shago, ba shaida ba ce a kan littafi ko a kan mutumin da aka cuta. Ta ƙara da cewa, “Ki bi shi a hankali.”

A jirgin komowa gida gabana yana faɗuwa, amma in faɗi gaskiya, akwai wani gefe na zuciyata da yake rawa. Na samu shiri. Ga mai imani, ga masaniya, ga abin da zai sa mai sauraro ya riƙe baki a ƙarshe. Da na shiga gida na tarar da Baba a kan kujera ya dawo daga gashi, jikinsa ya saki. Ya karɓi gwangwanin ya buɗe ya duba, ya ce, “Sun ji daɗin ganinta?” Na ce sun ji daɗi. Kwana uku ke nan tsakanin wannan rana da ranar da za a sa shirin. Sau uku ina dafa masa tuwon dare, sau uku ina zama gabansa da maganar a bakina, sau uku ina haɗiye ta. Na ce bari ya ɗan ji ƙarfi. Na ce ai ba zan ambaci sunansa ba, zan ce wani dattijo ne kawai. Kamar akwai wanda bai san muryar Baba ba daga Malumfashi har Funtuwa.

Yanzu ga inda aikinmu ya shigo. A gidan rediyo, idan baƙo ya yi magana da Turanci, akan bar muryarsa ta fito na ɗan lokaci kaɗan, sai a rage ta, wani ma'aikaci ya ɗora fassarar Hausa a kai, yana magana da bakin baƙon, yana cewa “na ga” ko “na duba”. Ƙa'idarmu kuma ita ce namiji ya ɗora wa namiji, mace ta ɗora wa mace, kuma ba wanda ya haɗa shirin ne ke ɗorawa ba, don kada murya ta rikice wa mai sauraro. To a makon nan abokiyar aikina ɗaya tana hutun haihuwa, ɗayar ta yi tafiya. Editan ya leƙo situdiyo ya ce, “Bon, Madam, wa za ya ɗora wa farfesar taki? Babu mace sai ke. Ko mu jinkirta zuwa sati mai zuwa?” Na ce a'a, ni zan ɗora, ai ba komai. Ya ce, “Tsohon nan na farko, muryarshi kamar na san mai ita.” Na ce Baba ne. Ya ce, “Ya san abin da matar ta ce?” Na ce zai sani. Ya ja ƙofa ya fita.

Shirin ya zarce da daƙiƙa arba'in, dole a yanke wani abu. Na duba, na duba, sai na yanke maganar farfesar ta ƙarshe, wadda ta ce jabun fitila ba shaida ba ce a kan littafi ko a kan wanda aka cuta. Na ga kamar tana rage wa ƙarshen kaifi. Har yau idan na tuna yatsana a kan madannin nan sai in ji kamar in sare shi.

Abin da ban sani ba shi ne, Baba ya kwana biyu yana buga waya gida. Ya gaya wa limamin majami'armu, ya gaya wa tsofaffin abokansa masu bishara, ya ce kowa ya kunna rediyo ranar Alhamis, shi da 'yarsa za su yi magana a kan fitilar Yariko daga Amurka. A ƙauyenmu har benci aka fito da shi ƙofar majami'a. Lokacin da suka gama tuwon dare suka zauna, mu a nan la'asar ce, ina ofis, shi kuma yana zaune a falona shi kaɗai da waya a kunne.

Suka ji Baba yana ba da labarinsa cikin murna. Suka ji Turanci na ɗan lokaci, wanda ba wanda ya kula da shi. Daga nan sai muryar da suka sani tun tana rera waƙa a ƙungiyar matasa ta ce, “Na duba wannan fitila da kyau. Ba ta zamanin Joshuwa ba ce, ba ma tsohuwa ba ce. Jabu ce da ake yi don masu ziyara.” Sai kiɗan rufe shiri.

Ban kai tashar jirgi ba ƙanena ya kira daga gida. Ko gaisuwa babu. “Yaya, me Baba ya yi miki? A gaban duniya za ki ce masa maƙaryaci?” Na ce ba ni na faɗa ba, fassara nake yi, farfesa ce ta faɗa. Ya ce, “Wace farfesa? Mu muryarki muka ji. Tsofaffi sun tashi ba wanda ya yi wa wani sallama. Inna tana ɗaki tana kuka.” Na tsaya a bakin titi da waya a hannu, mutane na wuce ni. Ina ta maimaita masa yadda ake ɗora murya, kamar wannan ne abin da ya dame shi.

Na tarar da Baba a inda na bar shi da safe. Gwangwanin na buɗe a kan tebur, fitilar na kan hankici. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya ce, “Malama, matar nan ta tabbata?” Tunda aka haife ni bai taɓa ce mini Malama ba. Na ce ta tabbata, Baba. Ya ce, “Yaushe kika sani?” Na ce ran Litinin. Ya ƙirga da yatsunsa, Litinin, Talata, Laraba, ya tsaya a kan na huɗu. Ya ce, “Kuma kullum muna cin tuwo tare.”

Na yi ta zuba kamar famfo. Na gaya masa dutsen gidan Dauda, da hanyar ruwan Hezekiya, da sunan Bilatus. Na kunna masa guntun da na yanke, na fassara masa kalma bayan kalma. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Ke kina tsammanin bangaskiyata a cikin gwangwanin alawa take? Shekara ashirin na yi ina wa'azi kafin in ga fitilar nan. Ganuwa ta faɗi a wannan shekara ko a waccan, masu haƙa su ci gaba da haƙa, Allah ya ba su sa'a. Abin da ke damuna daban ne. Na tsaya a gaban bagade a majami'a na ɗaga abin ƙarya na ce wa mutane shaida ce. Akwai waɗanda suka mutu suna riƙe da maganata.” Na ce ai bai sani ba, cutarsa aka yi. Ya ce, “Yanzu na sani.”

Washegari ya ce in saya masa tikitin komawa gida. Saura mako uku a gama gashin. Na roƙe shi, na yi kuka, na sa likitan ya yi masa bayani ina fassarawa, har na kira wani dattijo ɗan garinmu da ke Springfield ya zo ya ba shi baki. Na ce zan sake naɗar muryarsa ya faɗi duk abin da yake so, editanmu ma ya yarda a ba shi fili. Ya girgiza kai. Ya ce ido da ido ya nuna musu fitilar, ido da ido zai nemi gafararsu, kuma ba zai kwanta a gadon Amurka ana gasa shi ba alhali mutanensa na can suna tambayar juna ko duk abin da ya koya musu haka yake. Ya ce idan ya gama zai dawo. Ni da shi duk mun san ba sauƙi ba ne tsoho marar lafiya ya sake wannan tafiya.

A hanyar filin jirgi yana ta kallon itatuwa ta taga. Da muka isa inda ba a barin mai rakiya ya wuce, na kama hannunsa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar. Sannan ya ce, “Gaskiya kika faɗa, ban ce ki ɓoye ta ba. Amma da kin faɗa mini a kunne ran Litinin, da ni zan zauna gaban rikodar nan in faɗa musu da bakina. Da sun ji tsoho ya gyara kuskurensa. Yanzu abin da suka ji shi ne an kama tsoho.” Ya gyara hularsa. “Abin da kika ɗauke mini ke nan, Uwata, ba fitila ba.” Wannan ne karo na ƙarshe da na ji sunan nan daga bakinsa ido da ido.

Ƙanena ne ya ba ni labarin sauran. Majami'a goma sha ɗaya Baba ya zaga, a bayan babur, Lahadi bayan Lahadi. A kowace sai ya tashi ya ɗaga fitilar kamar yadda ya saba, ya ce wannan ba ta Yariko ta da ba ce, an cuce shi, shi ma ya cuce su ba da saninsa ba, su yafe masa, su riƙe littafin su bar yumɓu. Wasu suka yi kuka suka rungume shi. Wasu matasa suka laƙaba masa Baba Mai Jabu, suna faɗa a bayan idonsa, wani lokaci ma a gabansa. Akwai gida biyu da suka daina zuwa sujada. Kafin ya kai ta goma sha biyu ciwon ya kwantar da shi. Bai dawo ba. Ya rasu kafin damina ta kama, ni kuma ina cikin jirgi a sama lokacin da aka binne shi.

Likita bai taɓa ce mini da ya kammala gashin zai rayu ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba. Da na isa gida, Inna, mahaifiyata, ta karɓi gaisuwata, ba ta ce mini komai a kan shirin ba, har yau ma ba ta ce ba. Ranar da zan taho ta miƙo mini gwangwanin, ta ce ya ce a ba ni. Babu takarda a ciki, babu saƙo, fitilar ce kawai cikin hankicinta. Tana nan a kan kantar littattafaina. Baƙi su kan tambaya ko tsohon kayan tarihi ne, in ce musu a'a, jabu ce, ta mahaifina ce.

Har yanzu idan aka tambaye ni ko masu tonon kufai sun gaskata Littafi Mai Tsarki, amsar farfesar nake bayarwa: wani wuri e, wani wuri shiru, wani wuri ana jayayya. Wannan kam na koye shi cikin awa ɗaya. Abin da na koya da tsada shi ne, bai isa a ce maganarka gaskiya ce ba, sai ka duba wa ya kamata ya fara jin ta. Idan gaskiya za ta taɓa mutuncin mutum, shi ke da haƙƙin ji kafin kowa, don ya samu damar ɗaukar ta da hannunsa. Tun daga ranar ban sake sa wani shiri a iska ba sai na kira wanda abin ya shafa na karanta masa, komai nauyin maganar. Abokan aiki su kan ce na cika ɓata lokaci, alhali kira ne da bai wuce minti biyar ba. Ni kuwa kwana uku aka ba ni, da tebur ɗaya tsakanina da mahaifina, na kasa.